Rediyon da Na Ɗora a Kanta ta Sama

Kwana tara muka yi a tashar motar Damagaram, ni da Buba, muna jiran mutumin da ya ce zai kai mu wurin aikin jirgi. A kasuwar Maigatari na gamu da shi, wata Alhamis da na kai kayan gyarana daga Gumel. Ya ba ni rediyonsa, na tayar masa da ita kafin ya gama cin goro ɗaya, sai ya ce akwai wani kamfanin feshin fara can arewa da yake neman irina ruwa a jallo. Ranar da muka sauka ya karɓi mitata ta auna wuta, wadda ta shekara goma sha biyu a hannuna, wai zai nuna wa masu kamfanin don su san da gwani suke magana. Tun daga ranar ko ƙeyarsa ban sake gani ba.

Buba ɗan kawuna ne, taubashina ke nan. Mahaifiyata Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Sule Tankarkar, ubana kuwa Bamange ne na cikin Gumel, jinin Barebari, saboda haka wasa biyu ne tsakaninmu, na taubasai da na Fulani da Barebari. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Hulata ba ta zama a kaina in yana kusa, fizge ta yake yi ya ce sai na fansa. Ni kuma mai ƙarnin nono nake ce masa. Ba aiki ya zo nema ba, rakiya ya yi mini, don ya yi kiwo a ƙasar yana saurayi, duk damina suna hawa arewa da shanu, kuma ya tsinci ɗan Faransanci a wurin dillancin dabbobi. A raina dai ɗan ɗaukar jaka na tafi da shi.

"Bawana," in ji shi a kwana na biyar, "gwanintar nan taka ta kai. Ga mita ta riga ka samun aiki."

Ban yi dariya ba, don yunwa nake ji kuma ina kewar tuwon matata. Wata mai tuwo a bakin tasha, Inna Hadiza, ta lura kwano ɗaya muke rabawa. Ta fara ƙara mana malmala. Daga baya ta gaya mana mijin 'yarta direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, shi ke kai gangunan magani ga masu jirgin fara a bayan Tanut. Ashe kamfanin yana nan da gaske, mutumin ne kawai ba shi da haɗi da shi. Ranar da za mu tashi ta ƙulle mana dabino da cuku, ta ce, "Ku je, Allah ya ba da sa'a. In kun samu, ku riƙe juna." Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce kawai.

A bisa ganguna muka yi tafiyar, wuni guda cur, ƙarfe yana gasa mu daga ƙasa rana tana gasa mu daga sama. A kowane shingen jandarma Buba ne mai magana, ni ina tsaye kamar kurma. Nan na fara jin wani abu yana taso mini a ƙirji, amma na ce gajiya ce.

Filin jirgin ba kwalta, ba fitila, sai rumfar kwano ɗaya da ƙananan jirage biyu, ɗayan ma an kwance shi. Babban makanike wani siririn dattijo ne daga can bakin teku, Shef kowa yake ce masa. Matuƙin kuwa dogon Buzu ne da ake kira Kumanda, maganarsa ƙidayayya ce. Na gaya wa Shef shekarun da na yi a bakin gyaran rediyo, na ce daga Gagarawa har Maigatari babu mai tayar da wadda na ce ta mutu.

Ya ce, "Ina takarda?"

Na ɗaga masa hannayena na ce, "Ga takardata."

Ya dube su da kyau, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini tsintsiya. Aikina ke nan: shara, mirgina ganguna, wanke cikin jirgi, da sa batir a caji.

Shi kuwa Buba, a mako na biyu wasu makiyaya suka zo ba da labarin fara, babu mai jin yarensu. Ya tsugunna ya yi musu tafinta, har yana ƙara nasa tambayoyin, wace kala ce farar, ina iska ta nufa da ita, a kan wace bishiya ta kwana. Kumanda yana gefe yana kallonsa. Washegari ya ce wa Buba ya shigo jirgi ya zauna a gefensa, ya zama mai duba fara. Ranar farko ya sauko yana amai, ni kuwa na yi farin ciki har na ji kunyar kaina. A rana ta uku ya sauko yana fito, abin kunnen matuƙa rataye a wuyansa.

Hoton nan da ya ɗauka da abin kunnen shi ya ƙarasa ni. Kafin sati ya zagaye wayoyin dangi. Mahaifiyata ta kira ni tana cewa ɗan yayanta ya zama matuƙin jirgi. Matata ma, da na zaci za ta tsaya mini, cewa ta yi, "To kai ba ka shiga ne? Yara suna tambaya." Na ce mata injiniyoyi ba sa tashi, a ƙasa suke. Tsintsiya na hannuna lokacin da nake faɗin haka. Ni ne mai sana'a, ni aka kira, shi rakiya ya zo. Mutumin da bai san bambancin waya ja da baƙa ba, shi ne yake magana a rediyon jirgi, ni ko taɓa ta an hana ni. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba, kuma kullum sai ta riga ni tashi da safe.

Rediyon kuwa ta isa a yi kishi a kanta. Ɗan akwati ne da bai fi bulon sabulun wanki biyu ba, ana zura shi a gaban matuƙi kamar aljihun tebur. Aiki uku yake yi. Da shi matuƙi ke magana da ƙasa. Shi ke kama siginar filin jirgin Damagaram, wata allura ta nuna ko an kauce dama ko hagu. Shi ne kuma ke karɓar saƙon tauraron ɗan Adam ya nuna a gilashi daidai inda jirgi yake. Ranar da Shef ya faɗi farashinsa, Buba ya mayar da shi shanu a ka, ya ce ƙaramin garke ne guda. Na yi tsaki na ce zalunci ne, abin da ke ciki bai fi na talabijin ba.

Shef ya ce, "A ƙasa yana da tsada, Sabo. Ka hau sama ka ɓata, sannan ka zo mu yi ciniki."

A rumfar akwai kanta biyu. Duk abin da ya lalace ana ɗaura masa jan kati a ajiye a ta ƙasa. Mai lafiya yana ta sama da koren kati. A ta ƙasa akwai irin wannan akwatin, na jirgin da aka kwance, wata biyu yana jira a tura shi ƙasar waje. Duk safiya in ina shara sai na dube shi kamar majinyacin da na san maganinsa.

Ƙarshen damina Shef ya tafi Yamai na kwana huɗu karɓo kaya. Da tsakar rana, kowa yana gyangyaɗi a inuwar fiffike, na sauko da akwatin na buɗe shi. Hancina ya riga idona ganin ciwon. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar wake, kafasita muke ce masa, ya kumbura ya zubar da ruwansa. Irinsa na canza ya fi a ƙirga. Na bi kamyo zuwa kasuwar Tanut, na sami wani mai tsofaffin kayan lantarki. Ya zaro mini ɗaya mai lamba iri ɗaya sak, ya rantse daga jikin jirgi aka ciro shi. Na san rantsuwar 'yan kasuwa, ni ma ɗan kasuwa ne, amma ranar so nake na yarda.

Ban taɓa yin liƙi mai kyan wannan ba. Dalmar ta kwanta tana ƙyalli. Na haɗa shi da batir, gilashi ya kawo haske, allura ta motsa, murya ta fito tas. Saura kaɗan na yi kuka. To a rumfata ta Gumel, rediyon da ba a gyara ba tana ƙasa da takardar mai ita a ɗaure, wadda na gama kuwa sai na cire takardar na ɗora ta sama inda kowa zai gani. Shekara goma sha biyu hannuna yana wannan. Na tsinke jan katin na sa a aljihu, na ɗora akwatin a kanta ta sama. Niyyata in Shef ya dawo na kunna shi a gaban kowa, musamman a gaban mai ƙarnin nono.

Washegari bayan Azahar aka bugo cewa fara ta sauka a gabas. Kumanda ya tayar da jirgi, sai gilashin rediyonsa ya ƙi kawo haske. Ya sauko ransa a ɓace. Buba ya shiga rumfa da sauri, ya dawo da akwatina a hannu.

Kumanda ya juya shi ya ce, "Ina katinsa?"

"Wataƙila ya faɗi," in ji Buba. Ya waiwayo. "Bawana, kai ne sarkin shara. Ka san wannan?"

Jan katin yana aljihuna, ina jin kaifinsa a cinyata. Kalma ɗaya ce ta rage na faɗa. Amma sai na ga abin a raina, jirgi ya tafi da gyarana ya dawo lafiya, na zaro katin na ajiye a gaban Shef, Buba yana kallo. Wace takarda ce za ta fi wannan?

Na ce, "A kanta ta sama ka same shi, ko ba haka ba?"

Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Aka zura shi, ya kama aiki, suka tashi.

Da yake Shef ba ya nan, ni aka zaunar a gaban rediyon ƙasa. Ba a jima ba muryar Buba ta fito garau, kamar yana gefena.

"Bawana, kana ji na? Ga ni a bisa kanka, inda Allah ya ajiye ni. Ka share mini wurin sauka."

Na yi murmushi na ce a raina, yi dariyarka, da liƙina kake magana. Bayan kamar awa ɗaya da rabi Kumanda ya ce hadari ya haɗo a gabansu, za su kewaye shi ta kudu. Ya fara faɗin wani abu kuma, maganar ta yanke a tsaka. Sai shuuu.

Na kira. Na sake kira. Na murɗa duk abin da ake murɗawa. Mai gadi ya zo ya tsaya a kaina ya ce man da suka ɗauka ba zai kai su bayan Magariba ba, filin kuma babu fitila. Na sani, ba sai ya gaya mini ba. Na yi sallar La'asar, har yau ban san raka'a nawa na yi ba. Na riƙa ganin kawuna a zaune a kan buzunsa, ina tunanin da wane baki zan ce masa ɗanka rakiya ya yi mini, ni na dawo. Na tuna ranar da shanu suka kore ni a rugarsu muna yara, Buba ya goya ni yana zagina har gida. Abin da ya fi ba ni kunya, a cikin wannan tashin hankalin ma akwai wani lungu a zuciyata da yake lissafin yadda za a yi ba a gane ni ne ba. Na zaro katin zan jefa shi a wutar mai shayi, hannuna ya ƙi.

Muryata ta dushe, ina ta kiran "Buba, Buba" a bututun magana, na ma manta lambar jirgin da aka koya mini. Rana ta yi ja ta taɓa ƙasa. Daga nan mai gadi ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Ƙarar jirgin ba daga gabas ta zo ba, daga yamma ta zo, ƙasa ƙasa, kamar za ta shafi kan itatuwa.

Da suka sauka Kumanda ya zura sanda a tankin mai ya nuna mana, bakinta kawai ya jiƙe. Mutumin da ba ya magana, ranar ya yi magana. Ya ce ƙauri suka fara ji, gilashi ya yi baƙi, magana da allura da taswira duk suka tafi lokaci guda. Wayarsa mai taswira rana ta gasa ta ta mutu. Bayan sun kewaye hadari iska ta ja su inda bai sani ba, ƙasa kuma duk ta zama kore iri ɗaya. Buba ne ya ce a sauko ƙasa sosai. Ya duba inda garkuna suka sa gaba, ya ce a wannan lokacin duk saniya ruwa ta nufa. Suka bi su har wata rijiya mai gwafanni uku da aduwa biyu a gefe, ya ce ya shayar da shanun babansa a nan damina huɗu. Daga rijiyar ya bi da su burtali har hanyar Tanut.

Kowa ya rufu a kan Buba. Ko a lokacin, Allah ya gafarta mini, sai da na ji ɗan zafin cewa shi ne dai ya sake cin ranar. Hassada ga mai rabo taki ce, kuma ni na kwaso takin da kaina.

Ya ratso mutane ya zo inda nake. Idonsa ya sauka a kan jan katin da ke hannuna, don na manta ban mayar da shi aljihu ba. Ya daɗe yana kallonsa. Na jira zagi, na jira mari, da ya yi da na gode masa.

Ya ce, "Malam Sabo, sannu da jira."

Ranar ce ta farko da na ji sunana a bakinsa.

Da Shef ya dawo ban bari ya tambaya ba, na ajiye masa katin na faɗi komai. Ya buɗe akwatin, ya sa gilashin ƙara gani, ya daɗe a sunkuye. Ya ce bai taɓa ganin liƙi mai tsabtar wannan ba. Sannan ya ciro kafasitar da ta fashe, ya kankare lambar da farce, wata lambar ta fito a ƙarƙashi. Ta tsohuwar talabijin ce. Ya ɗauko sabon akwatin da ya zo da shi, ya nuna mini koren katinsa da sa hannun mutane a jere.

"Wannan ya gasa shi a zafi," in ji shi. "Wannan ya jijjiga shi wuni guda. Wannan ya sa sunansa, in ya mutu a sama shi za a nema. Kuɗin garken nan, na waɗannan mutanen ne, ba na dalma ba." Ya rufe akwatin. "Da ka kawo mini ka ce Shef duba, da na koya maka sauran. Hannu kana da shi. Amma an tambaye ka, ka ɓoye gaskiya."

Nan take ya sallame ni daga aiki, ban roƙe shi ba. Da kamyo ya zo, Buba ne ya ɗaukar mini jaka har bakin mota, ya ce na gaida Goggo, Allah ya kiyaye hanya. A Damagaram Inna Hadiza ta zuba mini tuwo ta ce, "Ina ɗan'uwan naka?" Na ce ya samu aiki. Ta dube ni, ta ƙara mini miya.

Yanzu ina rumfata a Gumel. Na sayi wata mitar. Duk lokacin da ƙaramin jirgi ya wuce zai je feshin tsuntsaye wajen fadamar Haɗeja, sai na fito na ɗaga kai, har yanzu kuma ina jin ɗan cizon nan a ƙirji. Buba yana nan tare da su, sun kai shi ƙasashe uku, an ce har takarda ya yi. Bai taɓa gaya wa kowa a gida ba. Kawuna har gobe yana sa mini albarka, wai ni na buɗe wa ɗansa hanya.

Bara matarsa ta haihu, na je suna a ruga. Ya tarye ni tun daga nesa, ya shimfiɗa mini tabarma cikin dattawa, ya kawo mini fura da hannu biyu. "Malam Sabo, ya hanya? Ya iyali?" Sauran taubasanmu suna gefe suna ta yaƙi, ana ƙwace takalma ana shewa. Na cire sabuwar hulata, wadda na saya don wannan ranar, na ajiye ta a bakin tabarma daidai inda zai wuce, na kawar da kai kamar ban sani ba.

Ya zo wucewa ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya kaɗe mata ƙasa a hankali, ya miƙo mini.

"Hularka ta faɗi, Malam."